Taurarin manhaja, bidiyon talla ko bakin mai gyara: wa za ka gaskata kafin ka sayi injin zuƙe ƙura?

Mai son sayen firji a Gusau ko Birnin Kebbi ba ya rasa wanda zai tambaya, don kusan kowane layi akwai masu shi, kuma an san wanda ke jure wuta mara ƙarfi da wanda ba ya jurewa. Injin zuƙe ƙura ba haka yake ba. Masu shi kaɗan ne, shagunan da ke ajiye shi ma kaɗan ne. Shi ya sa yawancin masu saye ke komawa waya: a duba Jumia ko Konga, a leƙa Temu da AliExpress, a kalli bidiyo, a jefa tambaya a zauren WhatsApp. Kafin mutum ya ankara, zaɓin inji ya koma zaɓin wanda zai yarda da maganarsa.

Wurare biyar ake samun labarin injin kafin a biya kuɗi: taurari da sharhin masu saye a manhajojin ciniki, bidiyon masu talla, cibiyoyin gwajin kaya na ƙasashen waje, masu gyara da masu aiki da injin kullum, sai gwajin da za ka yi da hannunka. Kowanne yana da abin da ya sani da abin da ba zai taɓa gaya maka ba.

Da me za mu auna su?

Abu na farko, wa zai ci riba in ka saya? Wanda ke da kamasho a kan cinikin ba lalle ne ya yi ƙarya ba, amma zai zaɓi abin da zai faɗa.

Na biyu, wata nawa injin ya yi a hannun mai maganar? Kusan kowane inji yana ja da ƙarfi ranar da aka fito da shi daga kwali, don filtarsa sabuwa ce, cikinsa kuma wayam. Ana sanin halinsa ne bayan ya sha ƙura. Wannan batu har kotu ya kai. Tarayyar Turai ta taɓa tilasta a manna wa injunan zuƙe ƙura takardar da ke nuna darajarsu wajen cin wuta da tsaftacewa. Kamfanin Dyson mai ƙera irin waɗannan injuna ya kai ƙara cewa ana gwada injunan ne da jaka babu komai a ciki, alhali ba wanda ke aiki da su a haka. A watan Nuwamba na 2018 kotun Tarayyar ta ba shi gaskiya, aka soke takardar. In gwajin hukuma ya faɗi saboda wannan dalili, ka san matsayin sharhin wanda ya kunna injin sau ɗaya.

Na uku shi ne ya fi nauyi a wurinmu: gidan mai sharhin ya yi kama da naka? Bature da ke yabon inji, damuwarsa gashin kare da na kyanwa a kan kafet mai kauri ko daɓen katako. Mu kuwa abin da ke damunmu iri biyu ne. Akwai rairayin da ƙafa ke kwasowa daga tsakar gida ya nutse cikin kafet. Akwai kuma ƙurar hunturu, mai laushi kamar gari, wadda daga Nuwamba zuwa wajen Maris take shigowa ko an rufe taga. Rairayi yana buƙatar iska mai yawa da burushin da zai tayar da shi. Ƙurar hunturu kuma toshe filta take yi, in ta toshe jan injin ya ragu, motarsa ta ɗau zafi. Sai maganar wuta. Kebbi da Zamfara suna ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric ne tare da Sakkwato da Kaduna, kuma kowa ya san gidaje da yawa janareto ko sola ke riƙe da su. Injin da ke cin wat 1,400 ko 2,000 ba zai tashi a ƙaramin janareton nan da ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, kuma inbata mai kVA ɗaya ƙara za ta yi ta ɗauke. Mai sharhi a Landan bai taɓa tunanin wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Na huɗu, me aka auna? "Yana da kyau sosai" ba awo ba ne. "Batirin ya yi minti 18 a kan kafet" awo ne, za ka iya maimaita shi ka kama mai ƙarya.

Na ƙarshe, nawa jin labarin zai ci maka, a kuɗi da wahala, kuma me za ka rasa in labarin ya zama ba haka ba?

Taurari da sharhin masu saye

Wannan ya fi kowanne araha da sauƙi. Data kawai za ka ƙona, kana kwance. Matsalarsa lokacin da ake rubuta shi. Manhaja tana roƙon mai saye ya ba da taurari ne 'yan kwanaki bayan kayan sun iso, lokacin yana cikin murna. Ka zauna ka karanta sharhin masu taurari biyar, za ka ga da yawansu ba a kan injin suke ba: kaya sun zo da wuri, kwalin bai fashe ba, mai kawowa yana da kirki. Wanda injinsa ya mutu a wata na bakwai ba kasafai yake komawa ya gyara abin da ya rubuta ba.

Yawan masu maki ya fi girman makin muhimmanci. A ce inji ɗaya yana da 5.0 daga mutum huɗu, wani kuma 4.2 daga mutum ɗari bakwai. Na biyun ya fi abin dogaro nesa ba kusa ba, don mutum huɗu za su iya zama mai kayan da ƙannensa uku.

Sharhin bogi kuwa sana'a ce mai zaman kanta. Amazon ya ce a 2023 kaɗai ya tare sharhi sama da miliyan 250 da yake zargin na bogi ne, kuma a 2021 ya kori tamburan kamfanoni kusan 600 na 'yan kasuwar China saboda sayen yabo. Hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kafa dokar hana saye da sayar da sharhin ƙarya wadda ta fara aiki a Oktoba 2024, Birtaniya ma ta haramta shi daga Afrilu 2025. A nan gida muna da hukumar FCCPC da ke karɓar koken masu saye. Amma mai sayar da kaya a shafin Instagram daga ɗakinsa, da wuya ka ga ɗaya daga cikin waɗannan ta taɓa shi.

Akwai alamun da ke tona asirin na bogi. Sharhi da yawa su faɗo cikin kwana biyu ko uku sannan a yi tsit. Kalmomi su yi ta maimaita kansu a bakin mutane daban-daban. Hoton da "mai saye" ya ɗora ya zama shi ne hoton tallan. Wani lokaci ma kana karanta sharhin injin zuƙe ƙura sai ka ga ana yabon fitila ko cajar waya: mai shagon ya ɗauki tsohon shafin wani kaya da ya tara taurari, ya canza hoto da suna. Alamar Verified Purchase tana nuna an sayi kayan ta manhajar, tana da amfani, amma ba ta hana mai kaya ya tura wa wani kuɗi ya saya ya yaba.

Yadda za ka ci moriyar wannan hanya: ka jera sharhin daga sabo zuwa tsoho, ka tsallake masu taurari biyar, ka zauna a kan masu biyu da uku. A nan ake samun mutumin da bai fusata ba kuma ba a saye shi ba. In mutum uku da ba su san juna ba suka yi kuka da abu guda, misali zafi, ko wari, ko karyewar tiyo a wuri ɗaya, ka ɗauka haka injin yake. Masu tauraro ɗaya sukan haɗa da wanda kayansa suka fashe a mota, wannan ba laifin injin ba ne.

Wata dabara da ba kowa ke yi ba: ka kwafi lambar samfurin, ba sunan kamfani kaɗai ba, ka nema a shafukan ciniki na Dubai, Saudiyya ko Indiya, kamar Noon da Amazon na can. Su ma da rairayi da zafi suke fama, kuma wutar Dubai irin tamu ce, bolt 230 da fulogi mai baki uku. Injunan nan masu kama da ganga na Panasonic da Hitachi a can suke da kasuwa, a can za ka sami ɗaruruwan mutane da suka yi shekara da su. Wanda ya yi makarantar Islamiyya zai karanta Larabcin kai tsaye, wanda bai yi ba waya za ta fassara masa.

Sai lambobin da masu kaya ke rubutawa. Ƙananan injunan hannu da ake caji da wayar USB, za ka ga an rubuta wa wasu 120,000Pa a matsayin ƙarfin ja (Pa ma'aunin matsin iska ne). Wannan ba zai yiwu ba. Inji yana ja ne ta hanyar rage iskar da ke cikinsa don ta waje ta turo ƙura ciki, nauyin iskar duniya gaba ɗaya kuwa kusan 101,000Pa ne. Ba injin da zai wuce wannan, manyan injunan gida masu kyau ma wajen 20,000 zuwa 30,000 suke tsayawa. Duk shafin da ka ga irin wannan lamba, taurarinsa ma ka yi musu kallon da ka yi mata.

Bidiyon TikTok, YouTube da hotunan WhatsApp

Bidiyo yana da amfanin da rubutu ba shi da shi. Za ka ga girman injin a hannun mutum, tsawon wayarsa, yadda ake buɗe shi a zubar da datti, ka kuma ji ƙararsa. Wannan kaɗai ya isa a kalla.

Amma ka lura da abin da ake zubawa a ƙasa. Shinkafa, yankakkiyar takarda, ɓawon gyaɗa, duk a kan tayil mai santsi. Ba abin da ya fi wannan sauƙi ga inji, tsintsiya ma ta fi shi sauri. Wasu kuma su manna bakin tiyo a kan wani abu mai nauyi su ɗaga. Wannan yana nuna ƙarfin riƙo ne lokacin da bakin ya toshe, ba yawan iskar da ke wucewa ba, kuma iskar ce ke ɗauke rairayi daga cikin kafet.

Yawancin masu wannan bidiyo an ba su injin kyauta ne, ko suna da kamasho a kan duk wanda ya saya ta adireshin da suka saka a ƙasa. Hotunan hirar kwastomomi da masu sayarwa ke ɗorawa a WhatsApp, "Hajiya kaya sun yi kyau, Allah ya ƙara kasuwa", mai kayan ne ya zaɓi wanda zai nuna, na masu ƙorafi suna nan cikin wayarta.

Bidiyon da ya cancanci datarka iri uku ne: wanda aka yi bayan wata shida ko shekara, wanda aka kwance injin aka nuna cikinsa, da wanda aka kunna batir aka ajiye agogo a gefe ba tare da yanke hoto ba. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci don lokacin da ake rubutawa a kwali na ƙaramin gudu ne. Dyson V8, wanda ba ƙaramin inji ba ne, minti 40 aka rubuta masa, amma a babban gudu wajen minti 7 yake yi, kuma kamfanin bai ɓoye ba. To ina ga wanda ba a san mai shi ba?

In ka ji ana cewa inji yana kashe ƙwayoyin cuta da wani haske, ka ja baya. A 2011 kamfanin Oreck na Amurka ya biya dala 750,000 bayan FTC ta tuhume shi da irin wannan iƙirari ba tare da hujja ba.

Haɗarin wannan hanya ya fi na kowacce, domin yawanci tana ƙarewa ne da "tura kuɗi a wannan asusu, gobe za a sa maka a mota". Cinikin biri a sama ke nan.

Cibiyoyin gwaji na waje

Ta fuskar gaskiya, waɗannan ne a gaba. Consumer Reports ta Amurka tun 1936 take, Which? ta Birtaniya tun 1957, Stiftung Warentest ta Jamus tun 1964. Da kuɗinsu suke sayen kayan da za su gwada, ba sa karɓar talla, kuma kowane inji gwaji iri ɗaya ake yi masa. Ana cusa rairayi da hoda da aka auna cikin kafet, a bi da injin sau adadi ɗaya, a auna abin da ya ɗauko. Ana kuma auna ƙurar da ke fita ta bayansa. Consumer Reports har tambayar mambobinta take yi ko injin da suka saya ya lalace, ta haka take gane kamfanin da kayansa ke daɗewa. RTINGS ta Kanada ma tana sayen nata kayan ta wallafa awon da ta yi. Wirecutter ta jaridar New York Times tana gwaji sosai, sai dai tana samun kamasho in an saya ta wurinta, kuma tana faɗa.

Cikasu biyu ne. Cikakken sakamakon yawancinsu sai ka biya kuɗin shiga da dala ko fam. Babba kuma, injunan da suke gwadawa da yawa ba su ne ke kasuwar Sabon Gari ta Kano ko Alaba ta Legas ba. Suna ɗaya, lamba daban, wani lokaci ciki ma daban.

In za ka bi wannan hanya, ta Birtaniya ta fi ta Amurka yi maka amfani. Wutar Amurka bolt 120 ce, injinsu mai waya in ka soka a soket ɗinmu ƙonewa zai yi, sai an haɗa shi da babbar taransifomar rage wuta. Birtaniya kuwa wuta da fulogi irin namu ne. Kuma tun Satumba 2017 dokar Turai ta hana injin gida mai waya ya wuce wat 900, bayan da aka fara da iyakar 1,600 a 2014. Wannan doka ta yi wa mai sola alheri ba da niyya ba. Injin Henry mai fuskar murmushi da kamfanin Numatic ke ƙerawa a Ingila wat 620 yake ci, kuma yana aikin da wasu masu 2,000 ba sa yi. Yawan wat cin wuta yake nunawa, ba tsafta ba.

Mai gyara da masu aiki da shi kullum

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu wankin mota, masu share otal, da masu kula da manyan masallatan Juma'a suna ba injin wahalar da gida ba zai ba shi a shekara uku ba, kuma a cikin ƙurarmu da wutarmu. Mai gyaran fanka da injin markaɗe da ke bakin kasuwa shi kuma ya san yadda injin ke mutuwa: kabon ya cinye, koyil ya ƙone, maɓalli ya narke, batir ya daina riƙe caji. Zai gaya maka cewa yawancin injunan da motarsu ke ƙonewa, ko dai an cire filta an ci gaba da aiki, ko an wanke ta an mayar tun ba ta bushe ba. Zai kuma gaya maka wanda ake samun kayan gyaransa a Kano ko Sakkwato da wanda in ya tsaya ya tsaya ke nan. Ba tauraron da zai ba ka wannan.

Kuɗinsa gaisuwa ce da ɗan lokaci, sai ko kuɗin ruwa in ka ga dama. Amma shi ma ba a karɓar maganarsa ido rufe. Marasa lafiya kaɗai ake kawo masa, kuma samfurin da ya fi yawa a gari shi zai fi yawa a teburinsa ko da ya fi sauran kyau. Wani kuma yana da na hannu a ƙarƙashin benci da yake son sayarwa. Don haka kada ka ce masa "wanne ya fi kyau?" Ka ce, "Malam, wannan da aka fi kawo maka, me ke lalacewa a jikinsa, nawa ne gyaran, kuma in an gyara yana ƙara dawowa?" Mai wankin mota kuma ka tambaye shi yaushe ya saya, sau nawa ya kai gyara, kuma ina yake samun filta. Ka tambayi mutum biyu ko uku a wurare daban.

Inda wannan hanya ta gaza shi ne sababbin injuna masu batir da masu yawo da kansu a ɗaki. Masu su ba su yi yawan da za a tara labari ba tukuna.

Gwajin hannunka

In injin yana shago a garinku, ko kana da tafiya Kano ko Sakkwato, kada ka biya sai an kunna. Ka tafi da ɗan guntun kafet da rairayi cikin leda. Ka murza rairayin ciki da takalmi, a bi da injin sau uku ko huɗu, sannan ka kife kafet ɗin a kan farar takarda ka bubbuga. Abin da ya zubo shi ne amsarka. A bar shi yana aiki kamar minti goma, ka taɓa jikinsa, ka shinshina iskar da ke fita. Ka haska fitilar waya a bayansa ta wurin inuwa, in ƙura na fita za ka gan ta. Ka juya shi ka karanta ƙaramar takardar da ke manne a ƙasa, ita ke faɗin bolt da wat na gaskiya, ba kwali ba. Sannan ka ce a nuna maka filta ko jakar canji da farashinta. In mai shago ya ce "za a kawo", ka ɗauka babu.

Tsadar wannan hanya kuɗin mota ne da halin da hanyoyinmu ke ciki, don haka ba a yin tafiya takanas saboda ita. Kuma gwajin minti goma ba ya faɗin abin da zai faru a wata goma. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, a rubuta kwanakin da za ka iya mayarwa.

| Hanya | Abin da za ta ci maka | Saninta kan daɗewar inji | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Taurarin manhaja | Data kaɗan | Kaɗan, sai ka tono tsofaffin masu saye | Sosai | Sharhin bogi, shafin da aka canza |
| Bidiyon talla | Data mai yawa | Kusan babu | Sosai | Kamasho, biya kafin gani |
| Cibiyoyin gwaji | Kyauta ko kuɗin shiga da kuɗin waje | Mai kyau, amma a gidajensu | Sai da Turanci da haƙuri | Samfuri ko wuta ba irin namu ba |
| Mai gyara da masu aiki da shi | Gaisuwa da lokaci | Ya fi kowa | Sai ka taka | Yana iya tallan nasa |
| Gwajin kanka | Kuɗin mota | Kaɗan | Wahala in ba a garinku | Ƙarami |

Wa ya kamata ya bi wacce?

Kwamitin masallaci ko makarantar da ke da shimfiɗa mai faɗi, ku manta da taurari. Ku je masallaci biyu da suka riga ku saye, ku ga injin yana aiki, ku tambayi mai share shi abin da ke ba shi wahala. Abin da za ku duba girman ciki ne, tsawon waya, da ko janareton masallacin zai ɗauka. Kuɗin jama'a ne, rasit da garanti a rubuce wajibi ne.

Mai shirin buɗe wurin wankin mota, abokan sana'a da mai gyara sun ishe ka. Injin ganga mai shan ruwa da ƙura kake buƙata, irin na Kärcher, Ingco ko Total, kuma wanda za ka zaɓa a cikinsu shi ne wanda ake samun motarsa da tiyonsa kusa.

Gidan da ke da mai asma ko yaro mai yawan atishawa, a nan ne biyan kuɗin cibiyar gwaji na wata ɗaya yake da ma'ana, don ƙurar da ke fita ta baya ba a ganinta a bidiyo kuma mai gyara bai auna ta ba. Filtar HEPA ta gaskiya tana tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙurar da girmanta ya kai maikiron 0.3, amma sai jikin injin ya kasance a rufe ruf, in ba haka ba iskar ta bi ta gefe. Inji mai jaka ya fi dacewa da irin wannan gida, don zubar da dattin maras jaka yakan tayar da ƙura a fuskar mai zubarwa.

Mai sola da ƙaramar inbata, ka fara da takardar wat, sannan sharhin Birtaniya da Turai inda ake da injuna masu ƙarancin ci. In mai batir kake so, ka nemi sharhin wanda ya shekara da shi, ka kuma tabbatar ana cire batirin a canza. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a nan ba ya yi wa batir daɗi, kada a bar shi a caji cikin ɗakin da rana ke dukan kwanonsa.

Hajiya mai haɗa kayan ɗakin amarya, ki fara tambayar kanki ko ɗakin kafet ne ko tayil. In tayil ne da ɗan kafet na tsakiya, tsintsiya da mofa za su yi yawancin aikin, ƙaramin inji ya isa. In kafet ne bango zuwa bango, ki sa a duba sharhin masu taurari biyu da uku na samfurin, a saya inda ake biya bayan kaya sun iso ko inda ake karɓar mayarwa, kuma a kunna shi ranar da ya zo. Kada a bar shi cikin kwali sai bayan biki, lokacin kwanakin mayarwa sun wuce.

Mai neman na hannu, irin wanda ake shigowa da shi ta Kwatano ko Legas, sharhin cibiyoyin waje zai gaya maka ko samfurin mai kyau ne tun asali, amma ba zai gaya maka halin wannan da ke gabanka ba. A nan gwajin hannu da mai gyara ne kawai. Ka tafi da shi shagon in zai yarda, ya buɗe ya duba kabon da filta, ya karanta takardar bolt. In 120V aka rubuta, ka lissafa kuɗin taransifoma a kan farashin kafin ka fara tayi. In mai jaka ne, ka nemo inda ake sayar da jakar da farashinta tun kuɗinka na aljihu.